Abin da Aka Ɗinke a Sandar Kyaftin

Duk wanda ya saba bin lungunan da ke bayan ƙofar Bab Makka a tsohon garin Jidda, inda rumfunan masu yadi suke ƙarewa, ya san shagon Jabiru Baduku ko da bai san sunan mai shi ba. Hanci ne yake fara kai mutum wurin, don ƙanshin jemammiyar fata yana tarye ka tun daga bakin lungu. Shagon kuwa suna kawai ya tara. In Jabiru ya zauna ya miƙe ƙafa ɗaya, baƙo sai dai ya tsaya daga waje su gaisa. A nan ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana ɗinka kuben takobin ado, yana sake wa sandunan tsofaffi fata, yana gyara gafakar Alƙur'ani wadda jikoki suka tsinto a kayan kakansu.

A Jidda aka haife shi, kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ubansa, Malam Salihu, baduku ne daga wajajen Sakkwato, ya taso da ƙafa da jaki da buhun jar fata, ya yi shekara bakwai a hanya yana ɗinka wa mutane takalma a Cadi da Sudan kafin ya ƙetaro teku. Da ya sauke farali sai ya ce baɗi zai koma gida. Haka ya riƙa cewa baɗi, baɗi, har aka binne shi a Jidda. Abin da ya bar wa ɗansa bai wuce basilla uku da wuƙar yankan fata ba, sai kuma wata doka da ya dasa masa tun hannunsa bai iya riƙe zare ba: baduku ba ya ɗinki a kan abin da bai gani ba. In fata ta yage, sai ka buɗe ka duba abin da ke ƙarƙashinta, ko ƙwaro ne ko laima ko tsatsa, sannan ka rufe. Jabiru ya riƙe dokar nan har ta zame masa ciwo. An sha kawo masa gyaran minti biyar ya mai da shi na kwana uku, mai kaya yana tsaki, shi ko a jikinsa.

Larabcinsa na 'yan gari ne tsantsa, in yana magana a waya ba ka cewa ba jikan mutanen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ba ne. Hausarsa ce mai ɗingishi. Matarsa Zubaidatu, 'yar wani malamin zaure ce daga Haɗeja, ta zo umara da yayarta tana budurwa, Allah ya yi zamanta na nan ne. Shekara talatin da takwas suna tare a wani ɗan gida a unguwar Bani Malik, kuma ba a yi ranar da ba ta gyara masa Hausa ba. In ya ce mata, "Ya Umm Arwa, kawo mini moya, na ji ta'ab," sai ta ce, "Ruwa ake cewa, Malam, kuma gajiya ka yi. Uban wani ne ya hana ka yaren ubanka?" Ya yi dariya ya sha ruwansa, gobe ya sake.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani game da zaman irin su Jabiru. Haihuwar gari ba ta ba shi takardar gari ba. Da iƙama, takardar izinin zama ta baƙi, yake zaune, kamar wanda ya sauka daga jirgi jiya, kuma iƙama sai da kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya maka. Kafilinsa tun farko wani attajiri ne mai shagunan lungun, da ya rasu sai abin ya koma hannun ɗansa, Duktur Mohannad, likitan haƙori da ya yi ritaya. Ba a taɓa jin kansu ba. Amma Jabiru ya san cewa shagonsa da gidansa da kwanciyar hankalin matarsa duk a kan sa hannun mutum ɗaya suke, kuma wanda ya san haka ba ya yawan ɗaga murya.

Shi Duktur Allah ya jarabce shi da son wani abu da ba kowa zai gane ba. Sanduna yake tarawa, amma ba na dogarawa ba. Irin gajerun nan ne da hafsoshin soja suke saƙalewa a hammata zamanin yaƙe-yaƙen Turawa, tsawonsu bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Ba sa tallafar gurgu, ba sa korar kare. Aikinsu kawai hafsa ya nuna taswira da su, ko ya ɗan buga a gefen wandonsa don kurata su san mai gida ya iso. Ran da Duktur ya fara shigar da Jabiru ɗakin da yake ajiye su, Jabiru tsayawa ya yi a bakin ƙofa ya kasa ƙarasawa. Sanduna ɗari da sittin ne a jere cikin gilashi, kowace da fitilarta. Wata gora ce mai kan azurfa, wata baƙin itace da aka yi wa hula da kwanson harsashi, wata an naɗe ta da fatar kada. A ƙarƙashin kowace akwai kati da sunan hafsan da ya riƙe ta, da muƙaminsa, da fagen da ya yi yaƙi. Jabiru ya riƙa bin su da ido yana tunanin hannuwan da suka riƙe su, da dubban mutanen da aka nuna wa hanya da tsininsu suka tafi ba su dawo ba. Sai ya ce, "Subhanallah." Duktur ya ji daɗi, ya ɗauka yabon tarin ne.

Tun daga ranar, duk sandar da fatarta ta bushe ko ɗinkinta ya saki, Jabiru ake kai wa.

Wata safiyar Lahadi, shekara biyu da suka wuce, Duktur ya zo shagon da kansa, abin da bai saba ba. Ya buɗe wani dogon akwati a hankali, kamar mai buɗe zanen jariri. Sanda ce da ya sayo a gwanjo a Landan. Ya ce ta wani kyaftin ce da ya jagoranci sojojin Afirka ta Yamma a yaƙin Boma, jikokinsa ne suka fitar da kayansa.

Jabiru bai ma ji ƙarshen bayanin ba. Fatar da aka yi wa sandar riga ja ce, jan karan dafi, irin wadda ubansa ya zo da ita a buhu. Shekara tamanin sun mai da ita ruwan goro, amma hannunsa ya gane ta tun kafin idonsa ya gama dubawa. Ya juya ta, ya ga wasu tsofaffin layukan ninki waɗanda ba su da alaƙa da siffar sandar, nan take ya gane daga jikin gafaka aka yanko fatar. Wani ya sadaukar da jakar Alƙur'aninsa ya yi wa sandar Bature riga. Ɗinkin kuwa, Jabiru ya yi shekara hamsin da basilla a hannu bai ga irinsa ba: ƙanana, a jere, ba ɗaya da ya fi ɗan'uwansa, da wani farin zare mai santsi.

"Zaren laimar da ake sako wa soja kaya daga jirgin sama ne," in ji Duktur, wanda yake ce masa amm, wato baffa, don girmamawa. "A daji aka yi ɗinkin nan, ya amm Jabir, ana ruwa ana harbi. Ka ga nan wajen kai ya ɗan saki, ɗinki huɗu ko biyar. Su kaɗai za ka kama. Sauran kada ka taɓa, kada ka buɗe. Darajarta duka a ɗinkin nan take. Ka ji ni?"

"Na ji, ya Duktur. Halas."

Ya ji ɗin, amma ji daban, hali daban. Bayan Duktur ya tafi, Jabiru ya shafa wa fatar ɗan man kaɗanya yana bin ta da babban yatsa, sai ya ji wani wuri a tsakiya ya ɗan fi sauran kauri. Ya matsa, ya ji wani abu ya yi ƙaras a ciki, siriri, kamar busasshen ganye. Ya ajiye sandar. Ya ɗauki wani takalmi ya yi kamar yana gyara. Ya je ya yi azahar ya dawo, ya sha shayi, ya sake ɗaukar takalmin. Kwana biyu yana wannan fama. Ya gaya wa kansa ƙila ƙwaro ne ya yi sheƙa, in ya rufe a kai nan da shekara biyu ya cinye gorar. Gaskiya ne, hakan na iya faruwa. Amma ni na san Jabiru, ko an rantse masa da Alƙur'ani babu ƙwaro, hannunsa ba zai iya ɗinki a kan abin da bai gani ba. Ran Talata da hantsi ya sa bakin wuƙa ya warware ɗinkin da ya shekara tamanin, tsawon yatsa biyu.

Ba ƙwaro ba ne. Takarda ce siririya, an naɗe ta a jikin gorar ta kwanta lamɓas. Ya zaro ta da hantsaki, ya buɗe a kan gwiwarsa. Rabin sama rubutu ne da baƙaƙen Larabci, rabin ƙasa kuwa wasu baƙaƙen tabo ne zagaye-zagaye, a jere, da ɗan rubutu a gefen kowane. Ya fara da bisimilla, ya karanta lafiya. Daga nan ya tsaya cik. Baƙaƙen ya san su duka, amma ba kalma ɗaya da ta zama Larabci a bakinsa.

Mutumin da ya tashi a Jidda, in ya ga takarda ɓoye a cikin ɗinki, da rubutun da ba ya karantuwa, da tabo a jere, abu ɗaya ne zai zo masa: sihiri. Kuma a ƙasar nan ba a wasa da wannan magana. Balle shi, baƙar fata, baduku, wanda tun yana yaro yake jin ana yi wa irinsu kallon masu ƙulle-ƙulle. In wani ya leƙo ya ga takardar nan a kan gwiwarsa, wa zai yarda cewa ba shi ya sa ta ba? Ya yi ta'awwuzi, ya ninke ta, ya cusa a aljihu, ya ja ƙofar shago tun kafin azahar. Niyyarsa ya kai ta gida ya ƙone, ya mai da ɗinki yadda ko Duktur da gilashinsa na haƙori ba zai gane ba.

Zubaidatu tana tsinke zogale ya shigo yana neman ashana. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Malam, me ka aikata?"

"Wala shai. Wata waraƙa ce, sihir, zan ƙona."

"Mu gani."

"Kada ki taɓa, ya Umm Arwa!"

Ta riga ta goge hannu ta karɓe. Ta kai ta bakin taga, ta ɗan nisanta ta daga idonta, sai kuma ta fashe da dariya. "Kai, Malam! Hausa ce fa. Ajami ne, irin wasiƙun da babana yake rubuta wa mutane a zaure. Yaren ubanka ne za ka ƙona, kana ce masa sihiri."

Dariyar ba ta daɗe ba. Tana kai layi na biyu ta nemi wuri ta zauna, ta gyara mayafinta, ta fara karantawa a fili, a hankali, tana tsayawa inda tawada ta dushe.

"Daga Saje Maikano Misau da 'yan'uwansa Musulmi, a dajin Boma. Mu ashirin da uku ne yau, da muka baro gida mun fi haka. Ba mu san wanda zai koma ba. Babu ɗayanmu da ya taɓa zuwa Makka. Kyaftin namu, wanda muke ce wa Jan Kunne, an harbe shi a cinya, za a mai da shi ƙasarsu. An gaya mana jirginsu ta Bahar Maliya zai bi, ya wuce ta gaban Jidda. Mun yi wa sandarsa sabuwar riga, mun ce kyautar ban kwana ce, bai san abin da ke ciki ba. Tunda ƙafafunmu ba su je ba, yatsunmu su wuce ta kusa. In kuma Allah ya sa takardar nan ta faɗa hannun Musulmi, muna haɗa shi da Allah ya ƙarasa da ita Ɗakin Allah, ya kira sunayenmu, ya roƙa mana gafara."

Sai a lokacin Jabiru ya gane tabon. Dangwalen yatsa ne. Mutum ashirin da uku, kowa ya tsoma babban yatsansa a tawada ya dangwala, yadda aka koya musu a bariki, Saje ya rubuta sunan kowa a gefe. Ya matso ya sunkuya a kan takardar. Ana ganin zanen fatar kowane yatsa. Wani ya danna da ƙarfi har tawadar ta bazu, wani ɗan ƙarami ne ƙwarai, ka rantse mai shi bai kai ashirin ba.

Abin ya fi ƙarfin kansa. Mutanen nan burinsu kawai takardar ta gifta ta gaban Jidda a cikin jirgi, daga nesa, ko gabar ba za ta gani ba. Sai Allah ya ɗauke ta ya kai Ingila, ya ajiye ta shekara tamanin a cikin akwati, ya kashe kyaftin ɗin da 'ya'yansa, ya sa jikoki suka sayar, ya jarabci wani likitan haƙori da son sanduna, sannan ya kawo ta Bab Makka, hannun baduku ɗaya tilo da ba ya iya barin ɗinki a rufe. Tsakaninta da inda aka aike ta yanzu tafiyar awa ɗaya ce a mota. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Zubaidatu ce ta fara dawowa hayyacinta, ita dama mace ce mai saurin yanke shawara. Ta ce, "To me muke jira? Gobe mu shiga mota mu kai ta, mu dawo kafin la'asar, ka mayar ka ɗinke. Wa zai sani?"

"Ba tawa ba ce."

"Ta wa ce? Ta Duktur? Shi aka rubuta wa?"

"Shi ya saya, da sandar da abin da ke cikinta. Na riga na saɓa masa sau ɗaya. Yanzu kuma in ɗauki kayansa a ɓoye in shiga Harami da shi? Amanar mutum ashirin da uku in kai ta a kan cin amana? La, wallahi. Ba zan iya tsayawa gaban Ka'aba da ita a haka ba."

"To mu kwafe sunayen a wata takarda."

"Yatsunsu suka aiko, ya Umm Arwa. Yatsa ba ya kwafuwa."

Ta san abin da yake nufi, kuma ta san iƙamarsu saura mako biyar ta ƙare. Ta ce, "In ka gaya masa, sai ka fara da cewa ka buɗe abin da ya ce kada ka buɗe. In ya yi fushi ya janye hannunsa, ina za mu? Kai ko hanyar Sakkwato ba ka sani ba."

"Na sani," in ji shi. Ya ce ta sake karanta masa wasiƙar, ta karanta, ya ce ta sake, har sai da ya haddace.

Washegari bayan la'asar ya hau tasi zuwa gidan Duktur a arewacin gari, sanda a akwatinta, takarda a cikin wani littafi. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ajiye akwatin a kan tebur ya ce, "Ya Duktur, na buɗe."

Duktur ya ɗaga sandar, ya ga inda fatar ta wage baki, fuskarsa ta sauya. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take, kuma wannan ya fi tsawa ciwo. "Ɗinkin nan ya tsira daga yaƙi, ya tsira daga teku, bai tsira daga hannunka ba. Sau nawa na gaya maka, ya amm Jabir? Shekara ashirin ina ba ka kayana ba na ƙirgawa."

"Haƙƙinka ne, ya Duktur. Na yi laifi, ba ni da ta cewa. Amma ka saurari abin da na samu, sannan ka yi yadda ka ga dama da ni."

Ya buɗe littafin, ya tura masa takardar, ya mayar masa da wasiƙar cikin Larabci daga farko har ƙarshe, a tsaye, hannuwansa a baya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: a ba shi aron takardar yini ɗaya ya kai ta Makka.

Duktur ya ɗauko wani ƙaramin hantsakin azurfa, ya ɗaga takardar ta gefe, ya sa ta cikin wata leda mai kauri. Bai dubi Jabiru ba. Ya ce, "Takarda mai shekara tamanin ba ta shiga cunkoso da zufa. Ma'assalama, ya amm."

Kwana goma sha ɗaya ba waya, ba aike. Jabiru yana buɗe shago kullum, yana zama, amma aikin ba ya tafiya. Ya sha kai basilla inda ba nan ba. Abin mamaki, ba iƙamar ce ta fi cin ransa ba, ko da yake duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai ya ɗaga kai ya leƙa. Abin da ya hana shi sakat shi ne, da hannunsa ya ɗauki mutanen nan daga bakin ƙofa ya kai su cikin gilashi. Da ya bi shawarar matarsa da tuni sun isa. Zubaidatu kuwa, Allah ya saka mata, ko sau ɗaya ba ta ce "ai na gaya maka" ba, sai dai tuwon da take ajiye masa ya riƙa sauka da ɗan ƙarfi.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, yana sunkuye a kan wani kube, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Ya ɗaga kai ya ga farin harami, sannan ya ga fuskar Duktur a samansa, kai ba hula, silifa a ƙafa, ledar nan a rungume a ƙirjinsa.

"Kullum sai na sa takardar ƙarƙashin gilashina na haƙori na duba," in ji Duktur, ba ko sallama. "Na bakwai a layi na biyu, akwai tabon yanka a yatsansa, ya warke a karkace. Na kwana ina tunanin me ya yanke shi. Na san sunan hafsa ɗari da sittin, ya amm Jabir, na san garuruwansu da sunan matansu. Sojan da suka yi wa nuni da sandunan nan ban san sunan ko ɗaya ba." Ya gyara haramin a kafaɗarsa. "Addu'a ce ga matattun Musulmi, ba wani abu ba. Amma ni bakina ba ya iya kiran sunayen. Rufe shagon, yalla. Mu bi ta gida ka yi wanka mu ɗauki Umm Arwa. Kuma kada ka ɗauka na yafe maka ɗinkin."

Bai yafe ɗin ba kuwa. An sabunta iƙama a kan lokaci, amma daga ranar har yau Duktur bai sake ba Jabiru sanda ko ɗaya ba, wani Bature yake aika wa. Jabiru ya ce daidai ne, shi ma da shi ne mai sandunan haka zai yi.

A mota Zubaidatu tana baya tana jan carbi, mazan biyu suna talbiyya a hankali. Jabiru ya bi hanyar nan sau ɗaruruwa tun yana goye, ya san kowane dutse da kowace kwana, amma ranar sai ya ga kamar bai taɓa ganinta ba. Ya riƙa kallon baƙaƙen duwatsun nan da idon mutanen da suka mutu suna jin labarinsu kawai.

Suka yi ɗawafi, Duktur yana kare ledar da hannu biyu daga turereniya. Bayan sun yi raka'a biyu suka ja baya, suka sami wani wuri kusa da ginshiƙi inda mutane suka ɗan yi sauƙi, Ka'aba tana gabansu sosai. A nan Duktur ya buɗe ledar, ya zaro takardar da yatsunsa, ba hantsaki, ya ɗora ta a tafin Jabiru.

Zubaidatu ta matso ta fara karantawa, Jabiru yana maimaitawa da ƙarfi, Duktur yana cewa, "Allahummagfir lahu warhamhu."

"Saje Maikano Misau."

"Kofur Barau Gwadabawa."

"Tanko Bici."

"Na-Allah Tsafe."

Da suka zo na bakwai a layi na biyu, Duktur ya riƙe hannun Jabiru ya ce a sake faɗa masa. Ɗan'azumi Kazaure. Ya gwada sau uku har ya faɗa daidai, sannan ya yi masa addu'a. Wani tsoho ɗan Nijar da ke zaune kusa ya ji ana kiran garuruwan Hausa, bai tambayi kome ba, ya ɗaga hannu ya riƙa cewa amin. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya har ɗan ƙaramin yatsan nan na ƙarshe, wanda Saje ya rubuta wa Audu Ƙarami kawai, ba gari.

Sunaye suka ƙare. Jabiru bai san abin da ake yi bayan haka ba, wasiƙar ba ta faɗa ba. Ya tsaya da takarda a hannu, jama'a suna ta kewaya Ɗakin kamar yadda suke yi tun kafin a haifi Saje Maikano. Sai ya juya ta a hankali, ya sa fuskar yatsun ta kalli Ka'aba, ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa. Ya buɗe baki, kuma abin da ya fito ba Larabci ba ne, Hausa ce tsantsa, ba gyara ko ɗaya.

"Saje, ku duba. Ga shi nan. Kun iso."